Yadda Amurka ke farfaɗo da kangayen masana'antunta

A tsofaffin biranen masana'antu na Amurka, irin su Cleveland da Detroit da Pittsburgh, akwai filaye a tsakiyar gari waɗanda suka shekara da shekaru a kulle, ga titi ga wuta ga ruwan famfo, amma babu mai son saye. Tsofaffin gidajen mai ne, da wuraren narka ƙarfe, da masana'antun fenti da suka durƙushe. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta ƙiyasta cewa irin waɗannan filaye sun haura 450,000.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, doka ce ta kulle yawancinsu, dokar da aka kafa da kyakkyawar niyya. A 1953 kamfanin Hooker Chemical ya sayar wa hukumar makarantun Niagara Falls wani fili da ake kira Love Canal a kan dala ɗaya, alhali an binne kimanin tan 21,000 na sharar sinadarai a ƙarƙashinsa. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta, sai guba ta fara tsattsafowa cikin ɗakunan ƙasa, har Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a 1978 aka kwashe mutane. Wannan ya haifar da dokar Superfund ta 1980, wadda ta ɗora alhakin tsabtace fili a wuyan mai shi, ko da ba shi ya zuba gubar ba. Nan take masu saye suka ja da baya, bankuna suka ƙi ba da rance a kan duk filin da ake zargi, masu filayen kuma suka gwammace su zagaye su da waya su yi shiru, domin gwajin ƙasa na iya tono musu bashin da ya fi ƙarfin dukiyarsu.

Gyaran ya fara da kuɗi kaɗan. A 1993 EPA ta ba ƙaramar hukumar Cuyahoga a jihar Ohio dala 200,000 a matsayin gwajin wani shiri na farfaɗo da irin waɗannan filaye, aka faɗaɗa shirin a 1995, sannan a Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta kare mai saye daga laifin waɗanda suka riga shi, muddin ya binciki filin kafin ciniki kuma ya kiyaye sharuɗɗa. Binciken mataki biyu ne: a bi tarihin wurin ta tsofaffin taswirori da takardun mallaka da bakin maƙwabta, sannan, idan akwai shakka, a haƙa a ɗebi ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji. Sau da yawa sakamakon kan nuna cewa gurɓatar ba ta kai yadda ake tsoro ba, kuma a ganina nan ne amfanin kuɗin gwamnati ya fi yawa, domin ɗan kasuwa yana iya lissafin matsalar da aka auna masa. Haka aka mayar da filin masana'antar ƙarfe ta Atlantic Steel a Atlanta, mai eka 138, ya zama unguwar Atlantic Station da aka buɗe a 2005. Dokar gine-ginen more rayuwa ta 2021 ta ƙara wa shirin na EPA dala biliyan 1.5.

Sai dai ina da damuwa. A wurare da dama ba a kwashe gubar gaba ɗaya. Ana lulluɓe ta da yumɓu ko kankare ko kwalta, a rubuta a takardar fili cewa kada a haƙa rijiya ko a gina gidan zama. Hakan ya fi araha, amma ya dogara ga ofishin da zai riƙe rikodin ya kuma riƙa sa ido bayan an sauya hannu sau uku ko huɗu. Ga kuma hayar gida da kan tashi da zarar wuri ya gyaru, har talakawan da suka sha ƙurar masana'antar su kasa zama a unguwarsu.

Masakun Kakuri da suka rufe a Kaduna, da filayen majemu a Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, inda aka daɗe ana jeme fata da sinadarin kuromiyam, duk suna cikin garuruwan da ke faɗaɗa. Kafin a yanka irinsu fuloti-fuloti, ya kamata a gwada ƙasar da ruwan rijiyoyin da ke kusa, a haɗa sakamakon da takardar mallakar filin.