Takunkumi da cututtukan numfashi: me binciken ya auna tukuna?

Da hunturu ya kama a Kaduna, tari da mura suka yawaita, sai tsohuwar gardamar nan ta farfaɗo a majalisu da WhatsApp. Wannan ya ce masana sun tabbatar takunkumin fuska ba ya tsinana komai, wancan ya ce ƙarya ne, kuma kowa da binciken da yake kafa hujja da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne, ba tambaya ɗaya binciken suka amsa ba.

A ɗakin gwaji, ƙarfin tacewa ake aunawa. Takunkumin da ake kira N95 yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikron 0.3 (maikron ɗaya bisa dubu ne na milimita), muddin ya manne da fuska. Gemu mai kauri, ko wayar hancin da ba a lanƙwasa ba, sai iska ta bi ta gefe. Mai tabarau ya fi saurin ganewa, domin gilashin kan yi suraci.

Gwajin da ake yi cikin jama'a wani abu ne daban: an raba takunkumi, an ce a sa, to me ya biyo baya? Tsakanin 2013 da 2015 an gwada haka a Mina kan alhazai 7,687. Aka kasa tantuna gida biyu da ƙuri'a, rabi aka ba su takunkumi, rabi ba a ba su ba. Ba a ga bambanci wajen kamuwa da cuta ba. Sai dai kusan kashi 25 kacal na waɗanda aka ba suka riƙa sawa kullum, alhali kashi 14 na ɗaya ɓangaren ma suna sawa don raɗin kansu. Ga alwala, ga cin abinci a faranti ɗaya, ga kwana kafaɗa da kafaɗa. Halin mutane aka auna a nan fiye da ƙyallen.

Na Bangaladash ya fi girma: ƙauyuka 600, manya wajen 342,000, lokacin korona. Da rabo kyauta da tunatarwa a kasuwa da masallaci, masu sawa suka tashi daga kashi 13 zuwa 42. Kamuwa mai alamomi ta ragu da kimanin kashi 9, da kashi 11 a ƙauyukan da aka raba irin na asibiti, da kusan kashi 35 ga 'yan shekara 60 zuwa sama a waɗannan ƙauyukan. Na ƙyalle, irin wanda teloli suka yi ta ɗinkawa a 2020, sakamakonsa bai fito sarari ba.

A Denmark kuwa, kashi 1.8 na masu takunkumi suka kamu da korona, 2.1 na marasa shi. Masu kamuwar sun yi kaɗan, har lissafin ya bar ƙofa tun daga raguwar kashi 46 zuwa ƙaruwar kashi 23. Wannan "ba mu iya rarrabewa ba" ne, ba "babu amfani" ba. Kuma kariyar mai sawa kawai aka duba, ban da ta wanda ke zaune kusa da shi.

Shi ya sa da bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta fitar a Janairun 2023 ta ce mai yiwuwa bambancin kaɗan ne ko babu, babbar editarsu ta lokacin, Karla Soares-Weiser, ta fito a watan Maris ta ce fassara shi da "takunkumi ba ya aiki" kuskure ne. Da yawa daga gwaje-gwajen ma an yi su ne kan mura, tun kafin korona.

A ganina, inda hujja ta fi nauyi shi ne wuri rufaffe mai cunkoso: bas daga tashar Kawo zuwa Zariya da asuba, an rufe tagogi saboda sanyi, ko layin jiran likita. A nan mai tari ya fi kowa cancantar sawa, sai tsofaffi da masu ciwon suga ko asma. Na asibiti idan ya jiƙe da numfashi a canza shi, a kuma cire ta igiyar kunne, kada a kama gabansa. A ɗan zuge taga ko da yatsa huɗu ne, ko da fasinjan baya zai yi mita.