Bakteriyar da ke yi wa kajina laisin

Duk mai haɗa abincin kaji da kansa ya san masara da dusa da waken soya ne ke cika sikeli, amma abin da ke sa kaza ta yi nama yana cikin ƙananan awo. Ɗaya daga ciki shi ne laisin, wani sinadari daga cikin tubalan da jiki ke gina furotin da su. A gidan kajina da ke hanyar Wamakko, kilo ɗaya zuwa biyu nake zubawa a tan guda. Buhunsa kilo 25 ne, an buga 98.5% a jikinsa, kuma yawancin wanda ke shigowa daga Sin yake. Masara da dawa da gero duk laisin ɗinsu kaɗan ne, jikin kaza kuma ba ya iya ƙera shi. In ya gaza a abinci, kaza za ta yi ta ci, kai kuma ka yi ta kallon ta ba ta ƙaruwa.

Yaron da ke taya ni haɗi ya taɓa murza shi a yatsa ya ce, "Baba, wanga gari daga wane icce aka samo shi?" Na ce masa ba icce ba ne, bakteriya ce ke fitar da shi a cikin manyan tankuna, ana ba ta sukari da sinadarin amoniya. Ya yi dariya, don ya ɗauka zolaya nake.

Sunanta Corynebacterium glutamicum. Masu bincike na kamfanin Kyowa Hakko a Japan, ƙarƙashin Shukuo Kinoshita, su suka gano ta a 1956, suna neman halittar da za ta yi musu gulutamet, wato sinadarin farin magin da matanmu ke jefawa a miya. Yau ana yin fiye da tan miliyan 3 na gulutamet a shekara, laisin kuma ya haura tan miliyan 2.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wannan halitta ba ta da almubazzaranci ko kaɗan. Iya abin da take buƙata take yi. Da laisin da ɗan'uwansa tiriyonin sun taru a cikinta, sai su kama inzayim (furotin mai tafiyar da aiki) na farko a hanyar ƙera su, wanda ake kira aspartokinase, su tsayar da shi. Ta ƙoshi, ta rufe shago. Saboda haka duk aikin masu wannan sana'a, shekara da shekaru, shi ne yadda za a raba ta da wannan tattali.

Da farko da ƙarfi aka yi. A haska mata hasken da ke lalata ƙwayoyin gado ko a zuba mata sinadari, a jira a ga wace ta lalace ta inda ake so. Haka aka samu irin da ba ya iya yin homoserin, sinadarin da ake bi ta kansa a yi tiriyonin da metiyonin. Wannan wata mararraba ce: daga wuri ɗaya hanya ke rabuwa, reshe guda ya tafi laisin, ɗayan ya tafi tiriyonin da metiyonin. Da reshe na biyu ya toshe, komai ya kwarara wajen laisin. Sai dai yanzu dole ka sayo abin da ta daina yi ka ba ta, in ba haka ba ba za ta hayayyafa ba. Ga kuma wasu lalace-lalacen da suka biyo baya ba a san da su ba, irin ya zama rago, ba ya jure wahala.

Wanda ya taɓa tsayawa a lambun albasa a Kwalkwalawa da safe ya ga yadda mai ban ruwa ke yi. Ba ya rushe hanyar ruwa. Fartanya yake sa wa ya ɗebo laka ya toshe bakin wannan fangali, ruwa ya wuce na gaba. In yana son kaɗan ya shiga, sai ya bar 'yar kafa. To abin da sabuwar dabarar ke yi ke nan. A 2013 Stanley Qi da abokan aikinsa a Kalifoniya suka ɗauki Cas9, furotin da ke yanka DNA, wato zaren da ƙwayoyin gado ke rubuce a kai, suka dakushe wuƙarsa. Ana haɗa shi da ɗan guntun RNA (ɗan'uwan DNA) mai harafi 20 da ke kai shi daidai ƙwayar gadon da ake nufi. Ya je ya zauna a kai, bai yanka ba, amma na'urar da ke karanta wurin ba ta samun hanyar wucewa. Ƙwayar gadon tana nan lafiya, an dai rage mata murya. Suka kira shi CRISPRi. A shekarar ce kuma ƙungiyar Sang Yup Lee a jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu ta nuna wata hanyar da ƙananan RNA na ƙirƙira, ta ƙara yawan tairosin, wani ɗan'uwan laisin, a cikin bakteriyar E. coli.

A 2016 Sara Cleto da Timothy Lu na jami'ar MIT a Amurka, tare da Volker Wendisch na jami'ar Bielefeld a Jamus, suka gwada CRISPRi a kan ita wannan bakteriyar tamu. Sun danne ƙwayoyin gado uku, pgi da pck da pyk, har kusan kashi 98 cikin 100. Na pgi ne ya fi burge ni. Kowace ƙwayar laisin guda tana cin NADPH huɗu, wani sinadari da ke ɗauke da ƙarfin gini a cikin halitta. In aka matse pgi, sukari ba ya bin babbar hanyarsa, sai ya zagaya ta wata da ke samar da NADPH, laisin ya ƙaru. Kuma abin da a da ke cin makonni ana cire ƙwayar gado guda, suka yi shi cikin 'yan kwanaki.

A ganina a nan amfanin yake, a saurin gwaji da kuma taɓa wuraren da in ka cire su gaba ɗaya halittar ta mutu. Amma ban yarda da masu cewa wannan ya maye komai ba. Cas9 ɗin dole a ci gaba da ƙera shi a cikin bakteriyar, kuma nauyi ne a kanta. A tankin da bakteriya ke ninkuwa dare da rana, wadda ta yar da nauyin ita ke rinjayar saura. Shi ya sa in an gano inda ya kamata a rage, an fi so a kafe canjin a cikin gadon kanta. Ƙungiyar Christoph Wittmann a Jamus ta yi haka a 2011: canji 12 kacal a irin daji, wato wanda ba a taɓa sauya shi ba, suka samu giram 120 na laisin a lita. Ɗaya daga cikin canje-canjen ma harafin farko kawai suka sauya a wata ƙwayar gado mai suna icd don ta yi aiki a hankali.

Metiyonin kuwa, wanda buhunsa ke jingine kusa da na laisin a sitona, har yanzu yawancinsa da sinadarai ake haɗa shi, bakteriyar ba ta ba da kai sosai a wannan ba.

Abokaina masu kaji kan ce me zai hana a yi laisin a ƙasar nan, tunda muna da rogo da rake. Sitaci ba shi ne damuwar ba. Halittar nan tana son zafi kusan digiri 30, tankin kuma da kansa yake ɗaukar zafi, ga iska mai tsabta da za a riƙa hura masa ba tsayawa. A Afrilun Sakkwato da muke haura 40, sanyaya tanki ɗaya kaɗai zai ci wuta da ruwan da ba ƙaramin jari ba, kuma in wuta ta ɗauke na awa biyu, iska ta tsaya, haɗin na iya lalacewa. Wanda zai kafa irin wannan masana'anta sai ya fara da tashar wutarsa kafin ya yi maganar irin bakteriya.