Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Ta Kwana a Adakar Baffa

Makon jiya na yi alkawarin shiga labarin auren Yaya Babba da rigimar gonar Miri. Ku yi mini haƙuri, yau ba zan iya ba. Shekaranjiya da hantsi ina tsugune a gareji ina kwance famfon man wata tsohuwar tirela, sai wani jirgin soja ya keto ta saman Fadaman Mada ƙasa-ƙasa, har kwanon rumfa ya amsa. Yara suka zubar da sufana suka fita kallo. Ni ko kai ban ɗaga ba, daga kukan injin na san mai farfela ne. Amma tun daga lokacin Baffa ya zo ya zauna mini a rai, shi da adakarsa, na kuma san in ban rubuta ba barci ba zai ɗauke ni ba.

Waɗanda suka san gidanmu sun san Baffa da dawaki. Ko a shekarar fari bai taɓa rasa biyu a turke ba, kuma in an zo hawan Sallah mutane kan leƙo ta katanga don kawai su ga yadda yake ɗaura sirdi. Yana da magana guda da ba ya gajiya da ita. In ya ga wani ya sayi doki da kaka don burga, bazara ta zo haƙarƙarin dokin ya fito, sai ya girgiza kai ya ce, "Doki ba na wanda ya saya ba ne, na mai harawa ne." Na ji wannan magana ya fi a ƙirga kafin in yi wayo.

Da na gama makarantar koyon sana'a, zamanin Shagari, ni da aminina na unguwar Jahun muka je muka yi jarrabawar shiga sojan sama, ɓangaren kanikanci. Lokacin ne jiragen Alpha Jet suka fara shigowa ƙasar nan, guda 24 aka saya, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, masu inji biyu. Hoton ɗaya na yanke a jarida na manna a bangon shagonmu. Tuƙi bai taɓa ba ni sha'awa ba. Ni burina in sa hannu a cikin wannan inji, in ga abin da ke zuƙar iska ya matse ta ya ƙona ta da kananzir har ƙarfe ya tashi sama. Da yake Baba ya rasu, akwatin gidan wayar Baffa na rubuta a fom.

Takardar aminina ta zo. Tawa shiru. Kullum bayan la'asar sai in je zaure in durƙusa in ce, "Baffa, ko an ga saƙo?" Ya ce, "Babu, ɗana. Abin da ba rabonka ba, ko a bakinka yake sai ya faɗi." Na raka aminina tasha da jakarsa ta kwano, ya hau motar Kaduna, na dawo gida a ƙasa don kada a ga idona a mota.

Ashe takardar ta zo. A 1998, shekarar da Abacha ya rasu, Baffa ma ya cika. Ranar da aka buɗe adakarsa don rabon gado, a ƙarƙashin alkyabba, tare da rasiɗan haraji, sai ga ambulan da sunana. An farke bakinsa da wuƙa tsaf, irin yankan Baffa. Ranar da aka ce in bayyana a Kaduna tana nan a rubuce. Goggo ta kama hannuna tana kuka, ta ce, "Tsoro ya ji maka. Ƙaninsa ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ko gawa ba mu gani ba." Na san wannan. Amma da ya kira ni ya ce ba za ka ba, wallahi da na haƙura, don a gidanmu ba a musu da uba. Wata uku ina durƙusa masa yana duban idona yana cewa babu, wannan ne ban iya haɗiyewa ba har yau.

Na yi gaba da yawa, bari in koma. Aminina Makurdi aka kai shi, inda jiragen MiG-21 na Rasha suke. Yana can aka kawo Jaguar daga Ingila a 1984, guda 18. In ya zo hutu sai mu kwana a soro yana zana mini a ƙasa da tsinke: ga inda iska ke shiga, ga inda ake ƙara fesa mai a bayan inji don ya yi tsalle, ga yadda jirgin ke gudu dab da ƙasa da kayan wuta a cikinsa. Ina saurare ina jin daɗi, ina kuma jin kamar ana soka mini allura. Jiragen Jaguar ɗin nan ba su cika shekara goma suna tashi ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, naira ta zube, su kuwa kayan gyara da fam ake biya. Sai abin da mu ma muke yi a gareji in safaya ta yanke: a cire a wannan a ɗaura wa wancan, har a wayi gari duk sun zama gawa. A ƙarshen 1995 kuma Turai ta ƙaƙaba wa Najeriya takunkumin makamai, ko da kuɗinka ba a sayar maka. Daren da ya ba ni labarin jiragen jere ƙura ta rufe su, ban san lokacin da bakina ya ce doki na mai harawa ne ba. Na tashi na fita waje don haushi, maganar mutumin da ya tare mini hanya ce ta zo daidai.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗi. Na yi aiki da wani kamfanin gina hanya, na koyi famfon dizal da nozul har ya zama daga Ningi, Darazo, har Gombe ake kawo mini. Ba yabon kai ba, duk Bauchi in inji ya gagara, an san ƙofar da ake bugawa. Wannan hannun ne aka hana jirgi.

Yanzu samari a majalisarmu ta bakin gareji kowa da waya a hannu, gardamarsu ke nan: wane jirgi ya fi gudu, wane ya fi wane. Da aka ƙaddamar da jiragen yaƙi ƙirar JF-17 guda uku a Makurdi a watan Mayun 2021, kwana biyu ba a yi wata hira ba. Jirgi ne mai kyau, ban musa ba. Inji ɗaya gare shi, yana ninka gudun sauti sau 1.6, yana da rada, yana harba makami tun abokin gaba bai gan shi ba. A Kamra ta Pakistan ake haɗa shi, tare da kamfanin Chengdu na Sin. Kasuwarsa ma ta fara buɗewa, Myanmar ta riga mu saya, Azarbaijan ta biyo baya, domin yana da araha kan na Amurka da Faransa, kuma masu shi ba sa jera maka sharuɗɗa. Sai na tambayi yaran, injin fa, na wa ne? Shiru. RD-93 ne, ƙirar Rasha. Ka ga doki ɗaya, masu harawa uku. Ran da ɗayansu ya shiga yaƙinsa ko ya ɓata da kai, jirginka ya zauna. Guda uku kuma, in ɗaya na sabis, ɗaya na koyar da matuƙa, nawa ya rage?

Na Amurka kuwa sayensa kamar aro ne da ka biya kuɗi. A 2014, muna tsakiyar wutar Boko Haram, aka nemi jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra ta hannun Isra'ila, Amurka ta hana, don ƙirarta ce. Cinikin jiragen Super Tucano ma ya tsaya bayan harin da jirgin sojanmu ya kai bisa kuskure kan 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017, sai daga baya aka sake shi. Kada a ce don mu baƙaƙe ne: a da Turkiyya tana cikin masu ƙera sassan jirgin yaƙin Amurka na F-35, amma da ta sayi makamin kariya na S-400 daga Rasha, a 2019 aka fitar da ita daga shirin.

Duk da haka, in za a tambayi tsohon bakanike, Tucano ɗin nan guda 12 da suka iso a 2021 sun fi dacewa da ciwonmu. Yara na raina shi wai mai farfela ne, gudunsa bai kai kilomita 600 a awa ba. To wa kake kora? Mutanen da ke kan babura a cikin daji. Jirgi mai tsananin gudu kafin matuƙi ya tantance mutum da kututture ya wuce, mai kuma ya ƙare. Wannan kuwa yana iya shawagi awanni, shan mansa kaɗan, gyaransa da sauƙi. Abin da ya fi burge ni, a cikin cinikin har da aikin sansanin Kainji: rumfunan jirage, ma'ajiyar makamai, fitilun titi, shinge. An sayi doki, an gina masa barga.

Mutane ba su san cewa filin jirgi rabin jirgi ne ba. Aminina ya ce kafin a tashi jet, jeruwa suke yi su taka titin da ƙafa suna tsintar tsakuwa, don ƙwaya ɗaya in inji ya zuƙe ta, ta gama da fikafikan cikinsa. Zafin Afrilu yana sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya nemi doguwar hanya kafin ya ɗaga. Ƙurar hunturu kuma tana cin ƙarfe kamar yadda take cin nozul a wurina. Ga tsaro. A Disambar 2013 'yan Boko Haram suka faɗa sansanin Maiduguri da asuba suka ƙona jirage a ƙasa, ko tashi ba su yi ba.

Mu nan Bauchi mun san amfanin jirgi a kusa. Ƙarshen Maris na 2015, ana tsakiyar zaɓe, mutanen nan suka biyo ta Alkaleri har suka kusa gari, aka sa dokar hana fita. Muna ƙunshe a ɗaka da iyali muka ji rugugin jirage ta gabas, wajen Dungulbe. Hajiya ta daina salati da ƙarfi, ta ce, "Malam, namu ne?" Na ce namu ne. A zuciyata ina ta tunanin wanda ya ɗaure notin jirgin nan da asuba, ko sa'ana ne, ko ajinmu ɗaya zai kasance. Daga baya, zamanin Sadique Abubakar, ɗan Azare, yana shugaban sojan sama, aka kafa rundunar ayyuka na musamman a nan Bauchi. Duk sanda na bi hanyar Ningi zuwa filin jirgi na Durum raka alhazai, sai na rage gudu.

Tun da na fara ambaton Baffa a kashi na 9, babban ɗansa ya kira ni. Ya ce, "Yaya, mamaci ake tonawa? Ai ceton ka ya yi. Dubi abokin naka, kunne ɗaya ya mutu, fansho ba ya kai shi ƙarshen wata, kai kuwa ga gareji ga gidaje." Na ce masa, ƙanena, ban zagi Baffa ba. Shi ya yi mini kaciya, shi ya biya sadakina, kuma duk Juma'a yana cikin addu'ata tare da Baba. Amma kunnen nawa ne, da an bar ni na kashe shi a inda nake so. Ya ce in kawo takardar a ƙona, magana ta wuce. Na ce a'a. Tana cikin durowar gareji, a leda, tare da satifiket ɗina na gwajin sana'a. Aminina yakan zo da yamma ya zauna a benci, sai na ɗaga murya yake ji. Rannan na ciro ta na miƙa masa, ya karanta ranar da ke jiki, ya ce a ranar aka yi musu aski aka raba musu kaki.

In Allah ya kai mu mako mai zuwa, auren Yaya Babba.