Notin juye, da sa hannun da na yi a kansa

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullin akwatin kayan aiki, na bar garejin dilan adaidaita sahun da na yi wa aiki shekara bakwai a Kano. Da gyaran babur na fara, sai da gwamnatin jiha ta hana acaba a farkon 2013 kasuwarmu ta mutu, muka koma kan keke kamar yadda direbobin su ma suka koma. Abokan aiki sun yi ta tambayata dalilin tafiyata, ina ce musu gajiya ce, amma waɗanda suka san abin da ya faru a kan wani keke guda ɗaya sun san ba gajiya ba ce kaɗai.

Keken bai wuce wata huɗu da fita daga hannunmu ba, yana cikin garanti, kuma direbansa, wani magidanci da ke tuƙa shi yana kai wa mai shi balas kullum, bai taɓa tsallake ranar sabis ba. Ya kawo shi juye ranar wata Juma'a, gareji ya cika, kowa yana sauri kada salla ta wuce shi. Na ba wani yarona aikin, na koma kan wani keken, da ya ce ya gama kuwa sai na sa hannu a katin sabis ba tare da na durƙusa na leƙa gindin injin ba. Abin da ban gani ba shi ne yaron ya ɗaure notin juye, wato notin da ke toshe ramin da ake zubar da tsohon mai a gindin inji, da ƙarfin da ya wuce ƙima. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyam ne mai taushi, don haka haƙoran ramin suka cinye. Tsoron faɗa ya sa ya naɗa wa notin farin tef irin na masu gyaran famfo, ya mayar, ya goge wurin, ya yi shiru.

Bayan kwana tara aka jawo mana keken da igiya daga titin Zariya, inji ya buga. Wanda ya san waɗannan injunan na Indiya masu silinda ɗaya ya san ba su da haƙuri da ƙarancin baƙin mai, domin man ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi ne kuma yake ɗebe wani kaso na zafi, musamman a cunkoson rana inda keke yake tafiya kamar hawainiya ɗauke da fasinja huɗu. Da na buɗe sai na tarar fistin ya kumbura ya maƙale, ya yi wa cikin silinda zane, ringi sun karye, wuyan kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya koma shuɗi saboda ƙuna. Amma abin da ya tsayar mini da numfashi shi ne ɗan man da ya rage a ƙasa, domin bai yi baƙi ba, bai yi kauri ba. Direban da ya yi sakaci da juye, man injinsa kamar kwalta yake fitowa. Wannan kuwa sabon mai ne da ya tsiyaye sannu a hankali, ga sawunsa nan ya dunƙule da ƙura tun daga bakin notin har baya. A kan yashi direban yake ajiye keken da dare, shi ya sa bai taɓa ganin ɗigon ba.

Na je na faɗa wa manaja gaskiyar abin da na gani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce garanti na kuskuren masana'anta ne, ba na kuskuren gareji ba, idan muka rubuta haka mu za mu sayi bulok da fistin da kwanrod daga aljihun kamfani, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 darajar naira ta faɗi, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo. Ya turo mini takarda ya ce in rubuta cewa direba ya bar inji babu mai. Ya ƙara da cewa ai ba ƙarya ba ce, tunda babu man. Na tuna kuɗin haya, na tuna makarantar yara, na rubuta, na sa hannu.

Wannan sa hannun na biyu shi ne kuskurena na gaske. Na farko sakaci ne, kowane bakanike yana iya faɗawa cikinsa, amma na biyun ido biyu na yi shi. Ina tsaye aka karanta wa mutumin nan takardar, ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai ka yi mini juyen." Ban iya ba shi amsa ba, na sunkuya ina laluben sifanar da ba na buƙata. Keken ya yi mako uku a kwance kafin su haɗa kuɗin gyara, shi kuma ba ya samun ko sisi, mai keken yana zarginsa da sayar da mai.

Asiri ya tonu ne lokacin da mai keken ya zo da wani tsohon bakanike ya duba, kallo ɗaya ya yi wa ramin notin ya ga ɓurɓushin tef. Nan take manajan da ya sa ni rubutun ya ce shi bai san komai ba, takardar bakanike ya bi. Aka mayar musu da kuɗinsu, aka riƙa yankar albashina har wata biyar, manajan kuwa ko tsawa ba a yi masa ba. Ban yi jayayya a kan yankan ba, domin sa hannuna ne a katin. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wata shaida da zan nuna cewa na faɗa masa gaskiya tun farko. Don haka wanda duk aka ce ya rubuta abin da bai gani a cikin inji ba, ya nemi mai ba da umarnin ya sa nasa hannun a gefe, zai ga yadda magana take sauyawa.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne. Yaron da yake tsoron maigidansa ɓoye ɓarna yake yi, shi ya sa na daina yi wa yarana tsawa a gaban mutane. Ina ɗaukar hoton duk injin da na buɗe da wayata kafin in taɓa komai. Notin juye kuma da hannuna nake ɗaure shi, da sabuwar washa, ko da liman ya hau mumbari.

Yanzu na kafa 'yar rumfata a bakin titi, yaron nan ma na taho da shi, ya zama mai lura fiye da duk waɗanda na koyar. Direbobi da dama da na saba yi wa aiki sun biyo ni ba tare da na kira kowa ba. Shi wancan direban kuwa na je har gidansa na nemi gafara, ya ce ya yafe. Kusan kullum yana wucewa ta gaban rumfar da safe, yakan ɗaga mini hannu, amma har yanzu wani wurin yake kai kekensa juye.