Asabar, ni da baƙin kan jirgi

Yayyafi tun asuba, irin na Ingila, ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Bayan karin kumallo na hau ɗakin sama, na ɗora ɗan baƙin kan jirgin ƙasan nan na wasa da na sayo a gwanjo a kan dogo, na murɗa masa wuta. Ko gezau. Ɗan gurnani kawai, sai jar fitilar akwatin wuta ta kama, wutar ta yanke kanta.

Khalifa na tsaye a bakin ƙofa. Ko juyowa ban yi ba na ce, "Kai ka taɓa shi jiya ko?" Ya ce, "Wallahi Abba ban taɓa ba." Na ce ya ba ni wuri. Na ji saukarsa a matakala, a hankali.

Nawa ƙirar OO ne, ma'auni 1:76, wato jirgin gaske ya ninka shi sau 76 a tsawo, tsakanin dogo da dogo milimita 16.5, wutarsa bolt 12. Dogo ɗaya ke kawo wuta, ɗayan ya mayar da ita. In datti ne, jirgi sai ya riƙa tafiya yana cijewa, amma fitila ba ta kamawa. In ta yi ja, to wuta ta sami gajeriyar hanya, ta haɗu tun ba ta kai motar da ke juya ƙafafun jirgin ba. Na san wannan sarai, amma sai da na ɓata rabin awa ina goge dogo da tsumma, don hannu ya sami abin yi.

Na ɗauke jirgin na sake murɗawa, fitila shiru. Ke nan dogo ba shi da laifi. Na raba kan da taragon gawayinsa, na kwance murfi, na taɓa batir mai bolt 9 a wayoyin motar. Ta juya kamar sabuwa. Duk da haka na duba kabon, 'yan gutsattsarin da ke kai wuta cikin motar, da sifirin ɗinsu, na sa tsinken sakace na ƙwaƙule baƙin da ya taru a tsagin tagullar da kabon ke gogawa, tunda shi ma in ya cakuɗe da mai yakan haɗa wuta.

Saura tarago. Na ɗora mitar gwajin wuta, tsinke ɗaya a ƙafar dama, ɗaya a ta hagu. Ƙiii. Bai kamata ta yi kuka ba. Kowace sandar ƙafafu tana da ɗan zoben roba a gefe guda, kuma dole zobban su zama duk ɓangare ɗaya, in ba haka ba wuta ta bi ƙarfen gindin tarago ta tsallaka. Biyu suna hagu. Na ukun yana dama.

Ni na cire sandunan ranar Lahadi na wanke. Ni na mayar, ina sauraron saƙon muryar Kawu mai minti goma sha ɗaya kan maganar gona.

Daidai nan Maman Khalifa ta shigo da shayi. Na nuna mata zoben. Ta ce, "Laifi tudu ne, Baban Khalifa," ba ta ma ƙarasa ba, ta ajiye kofi ta fita.

Juya sandar bai ci minti biyu ba. Zaman da na yi bayan nan ne ya daɗe. Baba, Allah ya jiƙansa, duk shekarunsa a reluwe a Zariya ban taɓa jin ya ba ɗansa haƙuri da baki ba. In ya zalunce ka da safe, da dare zai dawo da ƙunshin tsire ya ajiye a gabanka. Ina yaro na sha alwashin ba zan yi haka ba.

Na leƙa ƙasa na ce, "Khalifa, zo ka tuƙa."

Ya zagaya da shi wajen sau goma bai ce uffan ba. Can ya ce, "Abba, me ya same shi?" Na ce ƙafa ce aka sa a juye. Ya ce, "Wa ya sa?" Na ce ya rage gudu, kwana na zuwa.

Tuwon shinkafa da miyar kuka da dare. Madara ta ƙare. Yanzu sha ɗaya saura, fitilar ɗakinsa tana kunne har yanzu.