Yadda kullen korona ya raba ni da wayin ya haɗa ni da zoɓo

Bari in fara wanke kaina tun kafin wani ya turo min 'yan Hisba, wayin ɗin da nake sha ba mai barasa ba ne. Ruwan inabi ne mai gas, irin wanda ake jerawa a babban tebur wajen dina, kwalba da takarda mai ƙyalli a wuya. Mutane sai a biki suke ganinsa, ni kuwa duk daren Juma'a sai na fasa ɗaya, har kofuna gare ni masu doguwar ƙafa da ba na bari yara su taɓa, a majalisa ma Bature suke ce min. Kuma na san kansa fa, don kala biyu ne, akwai wanda ruwan inabi ne zalla aka sa wa gas bai taɓa tsimuwa ba, akwai kuma wanda giya aka fara yi sosai sannan aka cire barasar, shi wannan yakan rage ɗan kaɗan har ka ga an rubuta 0.5% a jiki. Na biyun ko kusa da shi ba na zuwa, shi ya sa za ka gan ni a kanti ina jujjuya kwalba ina karatu sai ka ce mai duba ranar lalacewar magani.

To ranar 11 ga Afrilun 2020 aka ce an samu mutum na farko mai korona a Kano, ranar Alhamis 16 ga wata ƙarfe 10 na dare Ganduje ya ce kowa ya shige gida, kwana bakwai. A ranar jama'a na ta rububin shinkafa da taliya da mangyaɗa, ni kuma na shigo da kwalba huɗu a leda. Uwargida ta kalli ledar ta kalle ni ta ce "Abban Hanifa, wannan za mu dinga dafawa?" Na ce haba Hajiya kwana bakwai ne fa kamar yau ne. Ashe ba mu san komai ba, azumi ya kama ranar 24, ranar 27 Buhari ya fito a talabijin ya ƙara wa Kano sati biyu cur, kwalabena kuwa ko azumi biyar ba su gani ba.

Da aka fara sassautawa Litinin da Alhamis daga 10 na safe zuwa 4 na yamma an buɗe manyan kantuna, sai dai shagona na Kwari a garƙame yake, ba shiga sai fita, kuma wallahi ko ni da rashin ta idona ba zan iya cire kuɗin cefanen kwana biyu in sayi kwalba ɗaya ba. Sai na sa takunkumi na bi layi a 'Yankaba na sayo kayan miya, Alhamis ta zagayo na je 'Yan Lemo na ɗauko abarba biyu, zoɓo kuma kwano guda na saya a maƙota wajen wata tsohuwa mai kayan ƙulli.

Gaskiya ba son girki ne ya kai ni kicin ba, gudun waya ne. Wanda yake Kano a ƙarshen Afrilun 2020 ya san abin da nake faɗa, ka buɗe WhatsApp innalillahi, ka rufe ka sake buɗewa wata innalillahin, dattawa suna ta tafiya, malaman jami'a, manyan 'yan kasuwa, ranar 2 ga Mayu Sarkin Rano ma ya rasu. Ƙanin mahaifina ya tafi a satin, ta waya na yi wa 'ya'yansa gaisuwa, har yau abin yana min ciwo. In na shiga kicin aƙalla hannuna a jiƙe yake ba na iya taɓa waya.

Na gwada ɗanwake ya narke a tukunya ya zama kunu, na gwada ƙosai ya shanye rabin man gidan, aka kore ni daga ɓangaren abinci aka bar min abin sha. Nan fa na zuba duk iyayin da nake yi wa wayin a kan zoɓo, har littafin Hanifa na lissafi na ƙwace ina rubuta awo. Abin da na fara ganowa, yawan tafasa shi ne yake fito da baurin nan mai kama harshe, in ka wanke shi ka jiƙa a ruwan sanyi tun bayan sahur zuwa la'asar sai ya fito garau, jansa kamar yaƙutu. Kayan ƙamshin su nake dafawa daban, citta mai yatsu ɗanya, ɓawon abarba, kanumfari ƙwaya uku kacal a lita biyu, in ya wuce haka sai ka ji kamar kana gaban likitan haƙori. Kanwa da mata suke jefawa tana kashe tsami da gaske amma tana mai da shi baƙi-baƙi, ni na fi son in bar tsamin in tare shi da dabino da aka markaɗa ko mazarƙwaila, lemon tsami kuma yana ƙara masa haske. A YouTube na ga ashe mutanen Meziko hauka suke yi a kansa, jamaika suke ce masa, kuma zoɓon da ake nomawa a nan Jigawa da Kano da Katsina har can ake loda shi. Wato ni ina nan ina biyan kuɗin jirgin ruwan inabin Sifen, su suna can suna biyan na zoɓonmu.

Sai iyayi ya kai ni ya baro. Wajen goman tsakiya na haɗa wani na ji da kai, sukari da yawa, ɓawon abarba ɗanye ban dafa ba, na ɗura a tsofaffin kwalaben wayin ɗina na toshe na sa a firij wai ya kwana biyu ya haɗa jikinsa. Aka ɗauke wuta kwana uku, ga zafin Kano na watan Mayu da ake haura digiri 40, ni kuma na sha'afa. Ana dab da kiran magariba muka ji tau! kamar an harba bindiga, murfi ya tashi, cikin firij ya yi jajur, kumfa na tsiyaya, wani wari mai tsami ya cika gidan. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce "Abban Hanifa giya ka haɗa mana a watan azumi?" Yara suka fashe da dariya ni kuwa gumi ne yake keto min. Ashe ɓawon 'ya'yan itace yana ɗauke da yis nasa na halitta, in ya samu sukari da ɗumi sai ya kama aiki, gas ɗin da ya tara shi ya cilla murfin.

Bayan isha na kira limamin layinmu na ce Allah gafarta malam ga abin da ya faru, ya yi dariya har da tari, ya ce ai babu laifi tunda ba da niyya ba kuma ba a sha ba, ya ce ko Manzon Allah (SAW) ana jiƙa masa zabibi yana sha zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura ba ya ajiye shi ya wuce haka. Ya ce in tuttular in wanke kwalaben. Tun daga nan na ranar kawai nake haɗawa.

Sauran lokacin kuma ludo ne da yara, suna cuta ina gani, da na'a-na'a da na shuka a bokitan fenti guda uku, ɗaya akuyar maƙota ta gama da shi. Ƙwallo babu, gidajen kallo a rufe, sai 16 ga Mayu da Jamus suka dawo ba 'yan kallo, ni da ban taɓa damuwa da Dortmund ba sai ga ni ina ihu ni kaɗai a waya.

Sallah ta zo ranar Lahadi 24 ga Mayu, an je idi amma ba hawa, ga shi sallar farko ta Sarki Aminu Ado a sarautar Kano. Da yamma yayan Hajiya ya leƙo, mutum ne mai son harkar girma, na ɗauko zoɓon da na haɗa da safe cikin kwalbar nan mai takarda a wuya, yayi sanyi ƙarara, na tsiyaya masa a kofi mai ƙafa. Ya kurɓa ya lumshe ido ya ce "kai Alhaji, kayan waje daban ne, wannan na wace ƙasa ne?" Na ce Yaya na Maigatari ne. Ya ce a'a, ta boda ake shigo da shi kenan? Hajiya dai tashi ta yi ta shige ɗaki da mayafi a baki.