Bishiyoyin da ruwan alwala ya raya

Shekara 11 ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin tsirrai a wata jami'a a nan Arewa, kuma da wuya damina ta wuce ban halarci bikin dashen itatuwa ba. A kafa rumfa, a jera kujeru, babban baƙo ya durƙusa ya sa ɗan tsiro a rami, a miƙa masa buta ya zuba ruwa, a tafa. Ban taɓa shakkar kyakkyawar niyyar masu shirya bikin ba. Abin da ke ci mini rai shi ne watan Maris. Ka koma wurin a lokacin, za ka tarar da ramuka a jere, kowanne da busasshen tsinke a tsakiya, wani akuya ta gutsure masa kai, wani gara ta cinye shi ta ƙasa. Ruwan samanmu na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin sai abin da hannun mutum ya zuba, kuma ba a taɓa rubuta sunan mai zubawar a takardar shirin biki ba.

A bayan ɗakunan kwanan ɗalibai maza akwai masallacin da nake yin Azahar da La'asar. Wurin alwalarsa famfo 12 ne a jere, ruwansu yana bin wata ƙaramar kwata ya fita ta ƙasan katanga, ya taru a can ya zama kududdufi. Kore shar da gansakuka, ga wari, ga sauro da yamma kamar a kwashe shi da hannu. Wata rana a watan Afrilun 2021, cikin zafin nan da ko takalmi ba ya hana ƙasa ƙona ƙafa, na fito daga salla na tsaya ina kallon ruwan yana kwarara. Taku 30 daga inda nake, ga gawarwakin dashen bara nan a tsaye. Sai na ji kunya ta kama ni, domin shekara da shekaru ina bi ta wurin ban taɓa haɗa abubuwan nan biyu a raina ba.

Washegari na zo da bokiti mai cin lita 20 na tara a bakin kwatar lokacin Magariba. Kafin a tayar da iƙama ya cika sau tara. Salla ɗaya ke nan cikin biyar. Na tuna da karatun da aka yi mana tun muna yara, cewa Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, wanda bai kai lita guda ba. Ɗalibi kuwa kan buɗe famfo ya bar shi yana zuba tun daga wanke hannu har wanke ƙafa. Liman ya yi wa'azi a kan wannan, an ɗan rage, amma ko an rage ruwan yana da yawa. Kuma ruwa ne mai tsabta, ba sabulu, ba omo, ba maiƙo.

Na kai maganar ga kwamitin masallacin, wanda ɗalibai ne ke riƙe da shi. Muka yi karo-karo muka sayi bututun roba, muka haƙa masa hanya a ƙarƙashin ƙasa daga bakin kwatar zuwa filin da ke bayan katanga. A farkon hanyar muka yi rami muka cika shi da tsakuwa da gawayi don ya tare yashi da datti, sannan muka huda bututun da ƙusa mai zafi a daidai gindin kowane dashe. Dalilin binne shi kuwa sauro ne: tsutsarsa tana buƙatar ruwa ya kwanta kamar mako guda kafin ta yi fiffike, to idan ruwan yana tsotsewa ta ƙasa ba ta samu wurin zama ba. Cikin kwana goma kududdufin ya bushe ƙurmus.

Da ruwa ya zauna a watan Yuli muka dasa guda 40. Yawancinsu darbejiya ce, saboda juriyarta da saurin yin inuwa, sai maɗaci, tsamiya da mangwaro kaɗan. Wani ya kawo shawarar bishiyar turare, na ƙi, domin shan ruwansa ya yi yawa, kuma ba ya barin komai ya tsiro a gindinsa. Kowane dashe muka kewaye shi da ƙaya, muka barbaɗa toka saboda gara. A wannan daminar kuma ɗalibai mata na ajin ƙarshe suka fara tsince ledar fiyawata da ke watse a harabar sashenmu, suna yanke bakinta, su huda gindin, su cika da ƙasa da taki, su shuka ƙwallon darbejiya. Irin darbejiya ba ya jira, idan ya yi 'yan makonni a ajiye ba zai fito ba, don haka da ya faɗo ake shuka shi.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, ba a dawo ba sai tsakiyar Oktoba. Ɗalibai suka watse, ɗakunan kwana suka zama kufai, famfunan masallaci suka yi shiru. A duk lissafin da na yi, ban taɓa sa ranar da za a rasa masu alwala ba, kuma abin ya faɗo daidai bakin bazara. Na yi kusan wata biyu ban leƙa wurin ba, don ba na son ganin abin da nake zaton zan gani.

Da na daure na je, sai na hango ganye kore. A gindin katanga ga Baba mai gadin ɗakunan kwanan, dattijo ne da ya haura shekara 60, yana ɗauke da jarka. Na gaishe shi, na ce, "Baba, kai ne kake wannan wahala?" Ya ajiye jarkar ya goge zufa, ya ce, "Malam, ai na ga yaran nan sun sha wuya a kansu. Kullum da asuba nakan zuba wa goma, da yamma goma, gobe in koma kan sauran. Wanda ya dasa itace, ko tsuntsu ne ya ci daga gare shi an rubuta masa sadaka. Ni ban dasa ba, amma ina fatan a sa ni a cikin ladan." Ban iya ce masa komai ba sai godiya. Daga ranar muka raba aikin, ni da shi da wani leburan sashenmu, har ruwa ya sauka. Cikin 40 ɗin, 27 suka rayu. Mangwaron duk ya mutu, tsamiya biyu suka tsira.

Baba ne kuma ya nuna mini abu na biyu. Mutumin wani ƙauye ne kusa da iyakar Nijar, ya ce a can wajen Maraɗi manoma sun daina tumɓuke kututture idan suna sharar gona. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi cikin tohon da ya fito, su sassabe sauran, su bar waɗannan su girma. Sassaben zamani suke kiransa. Na san labarin a takarda: a shekarun 1980 aka fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Amma sai da Baba ya ja hannuna zuwa bayan filin ƙwallo ya nuna mini tohon gawo da aduwa da kalgo, waɗanda ake yankewa tare da ciyawa duk shekara a cinna musu wuta, sannan na gane mu ma muna da dajin kututture a ƙarƙashin ƙafarmu. Saiwarsu ta riga ta yi nisa, ba sa neman ko cokali ɗaya na ruwa a wurinmu. Muka ɗaura musu jan ƙyalle, muka roƙi masu yankan ciyawa su riƙa tsallake su. Gawo uku a ciki yanzu sun fi ni tsayi.

Idan ana maganar kyautata muhalli a jami'a, hankali ya fi tafiya kan manyan ayyuka, kuma suna da muhimmanci. A Satumban 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma tun da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun lantarki mafi yawan awanni a rana, ya haura zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, kowace jami'a tana burin samun irinta. Ni ma ina yi mana wannan fata. Sai dai shi ma faifan sola, idan ƙurar hunturu ta lulluɓe shi ba mai gogewa, wutar da yake bayarwa raguwa take yi. Shi ya sa na rubuta wa hukumar jami'armu takarda, na roƙi duk kuɗin da za a ware wa bikin dashe a raba shi biyu, rabi ya tafi ga ban ruwa da shinge na shekara biyu, kuma a ba masu gadi da leburori ɗan alawus a kan kowace bishiyar da ta ƙetare rani a hannunsu. Har yanzu ina jiran amsa, na kuma sake aikawa a watan jiya.

Darbejiyoyin bayan masallaci sun haɗe kai, ɗalibai suna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu su yi karatu lokacin jarrabawa. Baba ya yi ritaya bara ya koma gida. Yanzu ɗalibai mata suna so a yi musu irin wannan a nasu ɓangaren, amma a can ruwan alwala da na wanki kwata ɗaya suke bi, omo kuwa yana sa ƙasa ta yi gishiri. Ranar Asabar za mu je da mai gyaran famfo mu duba inda za a raba bututun.